Wayar da Ta Kashe Basha

Talata, 9 ga Maris, 2010

Basha ya mutu.

Da la'asar sakaliya na hau katakon gidan tattabaruna a saman bene, na kaɗa tuta, garken ya tashi, shi a gaba kamar kullum. Suka yi zagaye uku a kan rufin unguwarmu ta Imbaba, na yi fito, suka karyo za su sauka. Sai na ji tas. Ya faɗo kusa da tankin ruwa, wuyansa a lanƙwashe, ƙafarsa ɗaya tana ta motsi. A tafin hannuna ya cika.

Wayar Midhat ce. Wadda ya ja ranar Asabar daga saman benenmu zuwa gidan da ke tsallaken lungu. Siririya, launin toka, ni kaina sai na ƙanƙance ido nake ganinta, balle tsuntsun da ya taho a guje.

Shekara bakwai yana jan garken nan. Kakan kakansa babana ne ya zo da shi daga ƙauye a cikin kwando. Nagat ta kawo mini abinci, na ce ta ɗauke. Ta ce, "Baban Wafa, ka yi haƙuri." Matata ce, ba ta da laifi, amma da ƙyar na haɗiye abin da ya zo bakina.

Laraba, 10 ga Maris

Na naɗe shi a hankici na kai shagon Midhat. Ɗan marigayi Ramzi wanzami, abokina na shekara arba'in. Ni na riƙe shi ranar da aka yi masa kaciya. Yanzu ya zama mai wasla: ya karɓi layin intanet ɗaya daga kamfanin waya, yana yayyanka shi gida-gida da wayoyin da ya yi wa samaniyar unguwa saƙar gizo da su.

Shagon a cike. Na buɗe hankicin a kan teburinsa. Ya duba, ya dube ni, ya dubi mutane, sai ya ce, "Haba Baffa Fahim, tsuntsu ne fa. Ka kai wa Inna Nagat ta cusa masa shinkafa, ka ga an rage asara."

Suka fashe da dariya. Basha. A cusa masa shinkafa kamar tattabarar kasuwa.

Na ce masa, a gaban kowa, da murya ta yadda har mai gasa burodi a tsallake ya ji: idan ƙafarka ta sake taka saman benena, a bakin auren Nagat. Dariyar ta ɗauke. Fuskarsa ta canza, ya buɗe baki, ban tsaya ba.

Na binne Basha a tukunyar ɗoɗɗoya. Wallahi sai na ga bayan wayoyin nan, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma sai ya yi kukan da na yi.

Juma'a, 12 ga Maris

Nagat ta ji labarin rantsuwar a wurin mai kayan miya. "Shekara talatin da takwas ina wanke maka kashin tattabaru, yau ka ɗauki aurena ka rataya a ƙafar ɗan Ramzi?" Tun jiya shayi babu sukari take ba ni.

Lahadi, 14 ga Maris

Matsalar ita ce Itidal. Ƙanwata ce, rabin gidan nan nata ne, ita ta ba Midhat izini ya rataya akwatinsa a bangon ɗakin matakala a sama, wutar ma daga mitarta yake sha. Duk don ta riƙa ganin ɗanta Ashraf a kwamfuta ranar Lahadi, yana can Italiya yana wanke faranti. Gwiwoyinta ba sa hawa sama, makullin ƙofar bene a aljihuna yake, amma in na datse waya a nan za ta yi reto a lungu kowa ya gani, kuma Itidal za ta tara mini unguwa.

Saboda haka bayan sallar asuba na bi ta bayan masallaci, inda wata wayarsa ta sauko ƙasa-ƙasa, na sa filaya. Na datse ta.

Litinin, 15 ga Maris

Kafin azahar ya haɗa ta. Yana kan tsani yana waƙa ma, ɗan banza.

Alhamis, 18 ga Maris

Shekara talatin da biyar na yi a wajen gyaran jiragen ƙasa, na san abu ɗaya: injin da ba ka san yadda yake aiki ba, ba za ka iya lalata shi yadda ya kamata ba. Don haka yau a gidan shayi na bar Injiniya Girgis ya ci ni domino sau biyu. Tsohon ma'aikacin kamfanin waya ne, in ya ci wasa bakinsa ba ya rufuwa.

Na ce ina son in san abin nan da ke bi ta cikin waya.

Ya ce, "Kai Fahim? Kai da rediyo ma sai Nagat ta kamo maka tasha?"

Amma ya yi bayani. Wai duk abin da mutum ke gani a fuskar kwamfuta ba a cikinta yake ba. Yana ajiye a wata kwamfutar a wata ƙasa, wadda ba a kashe ta dare da rana. Taka ta aika tambaya, waccan ta aiko amsa. Amsar kuma ba a dunƙule take zuwa ba, yanka ta ake yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki da adireshin gidan da za shi, su biyo hanya daban-daban su zo su haɗu. Na ce ashe tattabarun aike ne. Ya ce, "To, ga shi ka gane, sai dai waɗannan ba sa yi wa mutane kashi a shanya."

Ban yi dariya ba.

Asabar, 20 ga Maris

Girgis kuma. Yau hanyoyin shiga ya lissafa mini. Akwai ta da, wadda kwamfuta ke kiran lamba tana ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Akwai layin waya mai sauri, irin wanda Midhat ya karɓa. Akwai ɗan abin nan kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta, mai kama iska irin ta wayar hannu, na masu hali. Kuma dukansu a ƙarshe wata ƙatuwar waya suke bi da ke kwance a ƙarƙashin teku ta wajen Iskandariyya. Ya tuna mini shekara biyu da suka wuce da ta katse, ƙasa duka ta rasa intanet.

Na zauna ina tunanin girman filayar da za ta yi wannan aiki.

Na tambaye shi akwatin da ke saman benena fa. Ya ce shi ne mai raba wasiƙu. Waya ɗaya ta shigo daga shago, sauran ramukan kowanne da gidan da yake ciyarwa. Na hau na ƙirga. Ramuka goma sha shida, goma a cike: uwar wayar da ta zo daga shago, da na gida tara. Shida ba kowa. 'Yan fitilu kore suna ƙifta ido a nitse, kamar ba su kashe kowa ba.

Talata, 23 ga Maris

Garken ba mai ja. Suna tashi su watse kamar 'yan makaranta an tashi. Yau biyu sun bi garken Hasanen na layin baya, ya kama su, ya ɗaga mini hannu daga nesa. Wannan ma a wuyan Midhat.

Alhamis, 25 ga Maris

Na samu.

Girgis ne ya ba da labari da kansa, ban ma tambaya ba. Wai a ofishinsu na da, wata mai shara ta ga kan waya a ƙasa, ta ga rami a akwati, ta soka don gyara. Ashe ɗaya kan wayar ma a akwatin yake. Ofis duka ya tsaya cak kwana biyu.

Na sa fuskar wawa na ce don me. Ya ce akwai saƙon da na kowa ne, kamar shela, akwatin yakan fitar da shi ta kowane rami. To in waya ɗaya ta fita ta wannan rami ta dawo ta wancan, shelar ta fita ta dawo, akwatin ya ɗauka sabuwa ce, ya sake fitarwa, ta sake dawowa. Kafin ka kurɓi shayi hanya ta cushe, ba mai wucewa. Kuma ba a datse komai ba, ba abin da ya ƙone, mai gyara ya yi ta neman rauni a jikin da ba rauni.

Ya tsaya ya dube ni ta saman tabarau. "Me ya sa kake murmushi, Fahim?" Na ce shayin ne ya yi daɗi.

Asabar, 27 ga Maris

Na hau mota har kasuwar Ataba, inda ba wanda ya san ni. Waya mai kai biyu, tsawon kamu ɗaya, shuɗiya. Tana cikin buhun dawar tattabaru.

Litinin, 29 ga Maris

Da hantsi na yi. Kai ɗaya a rami na sha ɗaya, ɗaya a na sha biyu. Ƙyas, ƙyas. Na ce, "Wannan na Basha ne."

Fitilun suka haukace, duka a tare, far-far-far, ba tsayawa. Na tura wayar bayan sauran, na rufe akwatin, na hau katakona da kofin shayi.

Ba a yi rabin awa ba aka fara leƙowa ta tagogi. "Midhat! Layi ya ɗauke!" "Midhat, ɗan Ramzi, ina kake?" Daga wannan kan titi har wancan. Na gan shi ya fito da gudu da tsani a kafaɗa, ya hau gidan mai magani, ya sauko, ya hau gidan Hajiya Fatahiyya, ya sauko, rigarsa sharkaf. Ba waƙa yau.

Na ci kwano biyu na wake da rana. Nagat ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya ce ta kawo haka.

Talata, 30 ga Maris

Yaron yana da kai, dole in faɗa, na ubansa ne. Ya zauna a shago ya riƙa zare wayoyi ɗaya-ɗaya har ya gano reshen da cutar take. Ya cire shi, sauran unguwa suka dawo. Amma reshen nan shi ne wanda ya biyo ta benena. Gida tara a mace.

Da yamma ina shirin sakin garke ya ɓullo a rufin tsallaken lungu. Ya tsaya a bakin katanga, lungu a tsakaninmu.

"Barka da yamma, Baffa."

Na ci gaba da ɗaura tuta.

"Baffa, don Allah ka buɗe mini akwatin nan ka ƙirga wayoyin ciki. Nawa ne?"

Na buɗe, na duba da kyau, na ce goma.

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce, "To, Baffa. Na gode." Ya juya.

Na so ya yi zagi. Na shirya amsa tun safe.

Alhamis, 1 ga Afrilu

An taru a ƙofar shagonsa. Malamin makarantar nan na gida mai koren fenti ya ce ko karen unguwa ya fi shi iya aiki. Na wuce a hankali don in ji sosai.

Lahadi, 4 ga Afrilu

Itidal ta yi wanka, ta sa mayafinta mai fure, ta zauna gaban kwamfuta tun azahar, wai ko Allah zai sa layi ya dawo. Ina jin ta ta bango. Da la'asar ta kira ni. "Yaya, kai da kake sama kullum, ba ka ga abin da ya sami akwatin ba?" Na ce ni da tattabaru na sani.

Ta ce Ashraf ya yi mata alkawarin yau zai nuna mata ɗakin da ya kama. Ta ce a waya murya kawai ake ji, ita kuma fuskarsa take dubawa ta san ko yana cin abinci.

Ba ni na tura shi Italiya ba.

Litinin, 5 ga Afrilu

Sham al-Nasim, ranar bikin shan iskar bazara. Kowa ya tafi bakin Nilu da kifin gishiri da albasa. 'Yata Wafa ta zo da yara, gida ya cika da hayaniya da ɓawon ƙwai mai launi. Na hau sama. Fitilun na nan suna ta haukarsu, akwatin ya yi zafi kamar goshin mai zazzaɓi.

Daga katako na hango Midhat a kan dogon benen nan mai hawa tara, shi kaɗai, da ƙaton naɗin sabuwar waya. Na gane nufinsa nan take: ya jawo daga can ya tsallake benena ya sauke a gidan malamin makaranta. Wato ta tsakiyar inda garkena ke karya kwana. Na ce to, ja mu gani, gobe in kai ka wurin mai unguwa.

Ya ɗaure kan wayar. Ya tsaya. Na saki garke don ya gani da idonsa, suka bi ta daidai wurin sau uku. Yana tsaye yana bin su da kallo. Can sai ya kwance abin da ya ɗaure, ya saɓa naɗin a kafaɗa ya sauka.

Wataƙila wayar ce ba ta kai ba.

Laraba, 7 ga Afrilu

Girgis bai buɗe akwatin domino ba. Ya sa aka kawo shayi biyu, ya jira mai shayi ya tafi.

Ya ce, "Ni ka mayar mai shara, ko Fahim?"

Na ce ban gane ba.

Ya ce Midhat ya je gidansa ranar Talatar makon jiya, ya kwatanta masa yadda fitilu ke yi. Girgis ya ce masa ai wannan waya ce aka soka kai biyu. Midhat ya ce ya sani, ya kuma san akwatin, ya san hannun. Girgis ya ce to ka gaya wa mutane mana, ka wanke kanka. Midhat ya ce a'a. Unguwa duka ya gaya musu zafin rana ne ya ƙona akwatin, laifinsa ne da ya sayi na banza, kuma ba zai iya hawa ya canza ba saboda auren Inna Nagat.

Na ce wannan tsoro ne.

Girgis ya ce, "Ka bari in gama, tsohon banza." Wai gidaje taran nan sun matsa masa ya ja sabuwar waya ta saman dogon bene, ya ƙi. Abin da ya ce musu: na kashe masa ɗaya, na kuma yi dariya a gaban mutane don kunya ta rufe ni ban san abin da zan ce ba, ba zan sake ja wa tsuntsayensa tarko ba. Da babana na raye da ya mare ni a ranar.

Da ya mare shi kuwa. Ramzi hannunsa da nauyi.

Sai ya ƙara mini da cewa gidajen sun yi magana da Sabri mai wasla na layin baya, ranar Asabar zai zo da wayoyinsa. Sabri da ko igiyar shanyar uwarsa zai iya datsewa ya wuce da waya.

Shayin ya huce ban sha ba. Wannan ai abin da na nema ne. Na yi nasara, ya rasa gida tara, ranar Asabar a yi masa dariya a ƙofar shagonsa kamar yadda aka yi mini. Na maimaita wa kaina haka har gida.

Alhamis, 8 ga Afrilu

Ɗoɗɗoyar kan Basha ta yi tsiro sabo. Na daɗe a tsugune a wurin.

Juma'a, 9 ga Afrilu

Na zare shuɗiyar wayar daga akwatin bayan sallar asuba. Saboda Sabri na yi, kada wani ya ɗauka wani abu ne. Wayoyin mutum ɗaya sun ishi tattabaruna.

Fitilun ba su nitsu ba sai da na kashe wutar akwatin na kunna, kamar yadda Girgis ya taɓa faɗa. Na tsaya a bakin katanga har Midhat ya buɗe shago, na yi masa fito irin na garke. Ya ɗago kai. Na ce, "Mayar da wayarka, zafin ranar ya sauka." Ya shiga ciki. Kafin in gama ba su ruwa na ji Itidal tana guɗa a ƙasa.

Tsohuwar tutata ta yage dama, na yayyanka ta tsummoki. In aka ɗaura su jere a jikin waya tsuntsu zai gan ta daga nesa. Na ɗaura iya inda hannuna ya kai, kamu huɗu. Sauran sai an kwance wayar daga sama an sassauto, ni kuma ban san yadda ya ƙulla ta ba, bayana ma ba zai bari ba.

Bayan Juma'a na tsaya wurin liman, haka kawai, na tambaye shi hukuncin wani mutum da ya yi rantsuwa da aurensa cikin fushi. Ya ce wannan mutumin, sakin yake nufi ko hani? Na ce mutumin ko shayi bai iya dafa wa kansa ba. Ya ce to ya ciyar da miskinai goma, ya kuma riƙa kama bakinsa. Don Nagat na tambaya.

Ta ce me za ta dafa musu. Na ce duk abin da ta ga dama, ban da tattabara. Shayin yamma ya zo da sukari.

Sauran tsummokin suna kan akwatin, na danne su da dutse. Ƙofar bene kuma ina jin na manta ban kulle ba.